Sautu, Saƙo da Cigiya: Tarihin Bin Sawun Kayan Nesa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Hausa tana da kalmomi uku da suka kewaye sha'anin kayan da ke tafiya ba tare da mai su ba, kuma kowace daga cikinsu ta girmi gidan waya da jirgin sama nesa ba kusa ba. Sautu shi ne kuɗi ko haja da mazaunin gida ke damƙa wa matafiyi domin ya sayo masa wani abu a inda za shi. Saƙo shi ne abin da aka ba mutum ya kai wa wani, ko kaya ne ko magana. Cigiya kuwa ita ce neman labarin abin da ya ɓace ko ya wuce lokacin isowarsa, ta hanyar tambayar duk wanda ake zaton ya gan shi ko ya ji ɗuriyarsa. Mai sayen da ke zaune a Fakku a yau, yana duba lambar kayansa a wayar hannu bayan an shafe makonni lambar ba ta motsa daga wata ƙasa ba, cigiya yake yi, kuma hanyoyin da zai bi kafin kayan su zo hannunsa sun fi kama da na kakanninsa fiye da yadda na'urar da ke hannunsa za ta sa a zata.

Fakku tana cikin ƙaramar hukumar Kebbe, wadda aka cire daga Tambuwal a 1996, a can kudancin jihar Sakkwato inda iyakarta ta haɗu da ta Zamfara da ta Kebbi. Muhimmancin wannan yanki a tarihin fatauci ya samo asali ne daga garuruwan da suka sa shi a tsakiya. Ta gabas akwai Gumi a bakin Gulbin Zamfara, inda Kambarin Barebari suka yi kaka-gida, su kuwa suna cikin rukunai uku da suka riƙe fataucin goro a ƙarni na 19, tare da Agalawa da Tokarawa, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 a kan ayarorin goro. Ta yamma akwai Jega, a bakin gulbin dai, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon shekarun 1820, ta kuma bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Ta arewa kuma ga Tambuwal, ribaɗin da aka danƙa wa Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Saboda haka mutanen ƙananan garuruwa irin su Fakku da Kuchi da Girkau ba su taɓa yin nisa da kayan da suka fito daga wata duniya ba, ko da yake a kasuwannin maƙwabta suke cin karo da su, kuma a hannun wasu.

Babbar hajar nesa a wancan zamani ita ce goro, wanda ke fitowa daga kurmin Asante a sayar da shi a Salaga, cikin ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yanzu. Ayari, wato taron fatake masu tafiya tare domin tsaro, yakan tashi bayan kaka ɗauke da rinannun tufafi da kanwa da jemammun fatu da gabu, wanda shi ne busasshen ganyen albasa, haɗe da dabbobi da bayi, ya ƙetare Kwara a Ilo ko a wajen Yawuri da Busa, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, sannan ya gangara Yandi da Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida zuwa shekara guda, kuma ayari ɗaya kan kai mutum dubu ko fiye, kamar wanda Hugh Clapperton ya tarar a Kayama a 1826. Shugabansa shi ne madugu, wanda ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa, yana yanke lokacin tashi da wurin sauka. Jagaba ke gaba yana duba hanya. Akwai kuma malamin ayari, wanda baya ga zaɓen ranar sa'a da jan salla, shi ke riƙe lissafi da rubuta wasiƙu, kuma idan wani ya rasu a hanya shi ke ƙididdige abin da ya bari domin a kai wa magadansa. Wannan aiki na ƙarshe shi ne mafi kusanci da abin da ake kira rajistar kaya a yau, domin a cikin kayan mamacin akwai sautun mutane da dama waɗanda ba su da wata shaida sai abin da malamin ya rubuta da abin da abokan tafiya suka gani.

Ba a auna jinkiri da kwanaki a lokacin, da yanayi ake auna shi. Ayarin da ake sa ran dawowarsa kafin saukar damina, idan ruwa ya riske shi a hayin Kwara, gulabe suka cika, jakuna suka kasa tafiya, to sai dai ya yada zango ya jira, kuma masu jiransa a gida sun san haka ba sai an gaya musu ba. Abin da ke tayar da hankali shi ne shirun da yanayi bai bayyana dalilinsa ba, domin sauran dalilan duk munana ne. Bargawa sun yi suna wajen tare ayari, kuma tun daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, hanyoyin da ke tsakanin Gwandu da Kwara suka zama abin tsoro, in ban da ɗan sararin da aka samu a zamanin sulhun da ake kira Lafiyar Toga a ƙarshen shekarun 1860. Sannan goro ba haja ba ce mai haƙuri. Ana ƙirga shi da ƙwarya, wato ɗari ɗari, a naɗe shi da ganye a yi huhu, kuma dole ne duk bayan 'yan kwanaki a kwance huhun a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya lalata sauran. Kowane mako na jinkiri yana rage kayan, ta yadda mai sautu zai iya samun labarin cewa ɗan sautunsa na nan da rai, amma rabin abin da ya saya ya riga ya tafi juji.

Yadda ake cigiya a irin wannan hali ya dogara ne kacokan a kan mutum guda, wato maigida, wanda a wasu wurare ake ce wa fatoma. Shi ne mai masaukin fatake a garin kasuwa: yana ba su ɗaki da abinci, yana ajiye musu kaya, yana haɗa su da dillalai, yana tsaya musu idan za a ba da bashi, ya kuma sami rabonsa daga la'ada, wato kason da ake cirewa a kan cinikin da aka ƙulla. Da yake kowane falke yana da gidan da yake sauka shekara da shekaru, wani lokaci tun daga mahaifinsa, gidan maigida ya zama rumbun labari. Mutumin da sautunsa ya makara ba ya tashi ya bi hanyar Gwanja. Yakan je Jega ranar kasuwa ya sami maigidan da falkensa ke sauka wurinsa, shi kuma maigidan ya tambayi baƙin da suka iso kwanan nan a wane zango suka baro ayarin madugu wane, ko sun wuce shi a mafitar Ilo, ko sun ji an tsare shi a Nikki ana jayayya a kan kuɗin hanya. Ayarin da ke tafiya da wanda ke dawowa sukan haɗu a zango su yi musayar labari, masu fito kuma, wato masu ƙetarar da mutane da kaya a kwalekwale, sun san wanda ya haye da wanda bai haye ba domin da hannunsu suka karɓi kuɗinsa. Ta haka ake harhaɗa sawun kaya, zango bayan zango, daga bakin mutanen da kowannensu sananne ne, kuma ana iya komawa a tuhume shi idan ya yi ƙarya.

Inda baki bai isa ba sai a koma ga alƙalami. Wasiƙa da Larabci ko da ajami tana bin ayari na gaba zuwa wurin maigidan Salaga ko limamin zangon Hausawa na can, kuma bukatar irin wannan rubutu ta yi yawa har ta sa Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano a 1858 wanda ya yi zama a ƙasar Kabi kafin ya koma Salaga sannan Kete-Karachi, ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa a 1877, tun yana saurayi. Ba abin mamaki ba ne cewa ɗan gidan fatake ne ya ga wannan giɓi.

Idan cigiya ta ƙare a kan cewa kayan sun salwanta, maganar takan koma gaban alƙali, kuma a nan fiƙihun Malikiyya, wanda kowane ɗalibin zaure ya karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, yana da matsayi bayyananne. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar abin da aka umarce shi, kuma ana karɓar maganarsa a kan cewa abin ya salwanta. Mai jirgin ruwa ma ba ya lamunin kayan da suka nutse, sai dai ba shi da ladan dako sai ya isar da su inda aka yi alkawari. Wannan hukunci ya sa nauyin asara ya fi karkata a kan mai sautu, shi ya sa zaɓen wanda za a ba sautun ya fi komai muhimmanci, ya kuma sa Hausawa ke cewa zuwa da kai ya fi saƙo. Akwai ma babin da ya shafi ɓacewar falken kansa: matar wanda aka daina jin ɗuriyarsa takan kai ƙara, hukuma ta yi cigiyarsa, sannan a yanka mata shekara huɗu kafin ta yi takaba. Wato shari'a ta ɗauki cigiya a matsayin aiki mai ƙa'ida da wa'adi, ba tambayar bakin kasuwa kawai ba.

Tsarin yana da rauninsa, domin labarin da ke yawo a baka yana iya karkacewa. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Sakkwato da Gwandu a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, kuma daɗewar da ya yi a can ta sa jita-jitar mutuwarsa ta isa Turai har aka buga ta. Da ya dawo Kano a 1854 bai tarar da guzurin da yake sa rai ba, sai da ya ci bashi mai tsada a hannun 'yan kasuwar Gadamas, kuma bai san haƙiƙanin abin da ya faru ba sai da ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, wanda aka turo daga Ingila, a dajin Bundi cikin watan Disamba. Abin da ya sami Barth ke nan, mutumin da gwamnatin Ingila ke ɗaukar nauyinsa, balle talakan da ya ba da sautun ƙwarya biyar.

Rushewar wannan duniya ta zo ne daki-daki. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan hanyar Salaga ya yi rauni, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu zuwa Kintampo da Kete-Karachi da Kumasi. Bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sabuwar gwamnati ta ɗora wa ayarori haraji, ta soke shi a 1907, sannan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa kuma ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929 ya tsaya, bai taɓa isa Sakkwato ba. Goron Gwanja ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Ɗantata yake cikin waɗanda suka fara cin moriyarta, daga baya kuma manoman ƙasar Yarabawa suka shiga noma shi. Abin lura shi ne madugu da jagaba sun shuɗe, amma maigida bai shuɗe ba, ƙaura kawai ya yi. A Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, Abner Cohen ya tarar a shekarun 1960 cewa masu gidaje ne ke saye da ɗaure goro a madadin attajiran arewa waɗanda ba sa zuwa da kansu, su ne kuma ake tuntuɓa idan kaya suka makara.

A wannan zamani ne gidan waya ya shigo, kuma sunansa ma ya nuna abin da ya fi burge mutane a cikinsa, wato wayar tangaraho da ke kai magana a yini guda inda ɗan aike zai yi wata. An buɗe gidan waya na farko a Ikko a 1852, jiragen sama masu ɗaukar wasiƙu suka fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano a 1936, Nijeriya kuma ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya da sunanta a 1961. An kafa wannan ƙungiya ne a birnin Bern na Suwizalan a 1874, shekarar da aka ƙone Kumasi, kuma tsarinta yana da wasu ƙa'idoji biyu da suka juya al'adar cigiya. Ta farko ita ce rajista, inda ake ba ƙunshi lamba, a ba mai aikawa rasit, kowane ma'aikacin da ya karɓa kuma ya sa hannu, ta yadda amana ta tashi daga kan mutum sananne ta koma kan takarda. Ta biyu ita ce kaya mallakar mai aikawa ne har sai an miƙa su ga mai karɓa, don haka bisa al'ada shi ne ke da ƙarfin buɗe bincike a gidan wayar da ya aika, ta takardar da ake kira CN 08, cikin wata shida daga ranar aikawa, shi kuma ake biyan diyya. Wannan ta saɓa wa hankalin mai sautu, wanda ya saba da cewa wanda ya biya kuɗi shi ke neman kayansa, kuma har yau masu saye da yawa suna ɓata makonni suna zarya a inda kayan za su sauka, alhali abin da ya fi amfani shi ne su matsa wa mai sayarwa ya buɗe bincike daga can.

Gidan waya bai taɓa kai kaya ƙofar gida a karkarar Sakkwato ba. Garin da ba shi da sunan titi ko lambar gida sai dai a rubuta adireshinsa ta hannun wani, ko hedimasta ko hakimi ko ma'aikacin En'e mai akwatin gidan waya, shi kuma ya aika a gaya wa mai kaya. Giɓin da aka bari direbobin mota ne suka cike shi. Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi Tambuwal da Jega da Yawuri zuwa Kwantagora ta gaji wani sashe na tsohuwar hanyar fatake, tasha kuma ta gaji zango: ana ba direba saƙo a gaban ɗan kamasho, wato mai lodin mota da ke karɓar kasonsa a kan kowane fasinja da kaya, a rubuta suna a jikin buhu ko kwali, idan bai iso ba a koma wurin shugabannin ƙungiyar direbobi, wadda aka kafa ta ƙasa baki ɗaya a 1978. Isowar wayar hannu a 2001 ta ƙara abu ɗaya tak, amma babba, wato lambar direba, wadda ta sa mai kaya ke iya jin inda motar take a daidai lokacin da yake tambaya.

Lambar bin sawu ta zamani, wadda NIPOST, hukumar da aka ware daga tsohuwar ma'aikatar waya a 1985, take amfani da ita kamar sauran takwarorinta, tana da gurabe goma sha uku: haruffa biyu na farko suna nuna irin saƙon, R na mai rajista, C na ƙunshi, E na gaggawa, sai lambobi tara, ta ƙarshensu ana lissafo ta daga takwas ɗin farko domin kama kuskuren rubutu, sai haruffa biyu na ƙasar da kayan suka fito, CN na Sin, GB na Birtaniya, AE na Daular Larabawa. Abin da lambar ke faɗa shi ne wuri na ƙarshe da wani ma'aikaci ya haska ƙunshin da na'ura, ba inda yake a yanzu ba. Saboda haka rubutun da ke cewa kaya sun bar ƙasar da aka saye su yana iya tsayawa wata guda ba canji, ko don suna jiran gurbi a jirgi, ko don sun sauka a cibiyar musayar saƙonni da ke Ikeja suna jiran binciken kwastan ba a shigar da su ba. A wannan fuska ba ta da bambanci da amsar mai fito a Ilo, wanda shi ma abin da zai iya cewa kawai shi ne ayari ya haye ko bai haye ba. Dalilan jinkirin ma sun yi kama da na da, sai dai ƙofofin yanzu gwamnatoci ke rufe su: iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, filayen jiragen sama ga jiragen ƙasa da ƙasa daga Maris zuwa Satumban 2020 saboda annobar korona, sai iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wadda ta tsayar da kayan da suka saba biyowa daga Kwatano ta Gaya da Birnin Ƙonni.

Yawancin 'yan kasuwar arewa da ke sayen kaya daga Guangzhou da Yiwu da Dubai ba ma ta gidan waya suke bi ba. Suna da wakili a can, galibi Bahaushe ko mai jin Hausa, wanda ke karɓar kaya a ma'ajiyarsa, ya rubuta alamar mai su a jikin kwali, ya haɗa da na wasu a cika kwantena ko a auna da kilo a sa a jirgin sama, ya kuma turo hoton kwalin ta WhatsApp. Masauki, ajiya, dillanci, lamuni da labari duk suna hannunsa, wato aikin fatoman Salaga ne bai rage komai ba. Idan kayan suka iso Kano ko Sakkwato, aikin lamba ya ƙare. Daga nan sai a ba direban da ke bin hanyar Tambuwal, ya sauke kwalin a shagon wani ɗan gari da ke kusa da tasha, mai shagon ya riƙe shi har ranar da wani ɗan acaɓa ko mai motar kasuwa da aka sani zai nufi Kebbe, kuma a shekarun nan da tsaron hanyoyin yankin ya taɓarɓare yakan jira sai an tabbatar masa hanya ta yi lafiya. Mai kayan a Fakku yakan kira mai shagon ya ce, Alhaji, ko saƙona ya iso, shi kuma ya duba tarin kwalayen da ke bayan kanta ya karanto masa sunan da aka rubuta da alƙalamin maka a jikin kowanne, har a zo kan nasa.